Miyar Gidanmu Ba Gishiri

Loma ɗaya Baffa, yayan Baba, ya kai baki ya ture kwanon.

"Ke Rabi, na taso tun daga Bengu ki ba ni miya lami? Gishiri ma ya gagare ku?"

Tun da hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin jiki, likita ya hana shi gishiri. Ba mu da ƙarfin ɗora tukunya biyu, kuma ko ƙwayar gishiri ba na ajiyewa, don in ya gani sai ya roƙa.

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Ƙanenku masunci ne a Tunuga. Maganin wata-wata ya ci tarunsa, ya ci kwalekwalensa. Ciwon nan ba ya tashi, mu kuma abin sayarwa ya ƙare. Haka za a ci ta."

Baba ya jawo kwanon da hannunsa mai lafiya, ya ci gaba da ci.

Yanzu dangi a duk garin Gaya suna cewa na yi wa babba rashin kunya. Na ji. Amma gishiri ba zai koma tukunyata ba.

In ku ne, ran Baffa za ku ɓata, ko na Baba za ku rasa?