Abin da na karanta a shingen hanyar Kosti

Ranar Asabar ce, cikin azumi. Na dawo daga sallar asuba na tarar da mahaifiyata, Inna, zaune a bakin gadonta na igiya. Na ɗauko littafi da biro na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar kullum. Tun da mantuwa ta fara kama ta nake rubuta abin da ta faɗa kowace safiya. Da haruffan Larabci nake rubutawa, su kaɗai na iya, amma maganar Hausa ce, yadda ta fito daga bakinta. Ran nan labarin kakanta ta ba ni, wanda ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai je hajji, ya tsaya noma a Sudan bai ƙara gaba ba. Na cika shafi. Matata Zainab ta miƙo mini hulata, na bar Omdurman na haye gada zuwa shagona na ɗinki a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum. Jallabiyoyin Sallah sun taru a kaina.

Wajen ƙarfe tara na ji ƙara daga kudu. Na ɗauka taya ce ta fashe. Ta biyu ta girgiza gilashin shagon. Sai harbi, ba tsayawa. Jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, har na ji shi a haƙorana. Kasuwa ta watse. Mutane na gudu suna barin takalma. Na ja ƙofa ban ma sa kwaɗo ba. Babu mota. Da ƙafa na koma, ina bin jikin gine-gine. A kan gada na wuce wani mutum kwance rub-da-ciki, ledar burodi a hannunsa. Ban tsaya ba. Sai bayan la'asar na isa gida.

Aka ɗauke wuta, ruwan famfo ya tsaya. Muka kwashe katifu muka koma ɗaki guda, nesa da taga. Duk sanda aka yi harbi sai Inna ta tambaya bikin wa ake yi. Na ci gaba da rubutu kowace safiya, amma yanzu ba maganarta kaɗai ba. Idan ta yi shiru, sai in rubuta tawa. A gaban Zainab ina cewa komai zai wuce kafin Sallah. A cikin littafi kuwa wata magana nake yi.

Sallah ta zo ta wuce, ba mu fita idi ba. Wata Laraba, ana gab da azahar, na ji fito a sama, sannan duniya ta yi fari. Bangon da ke tsakaninmu da maƙwabcina Usman ya zube cikin tsakar gidanmu. Kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakin Zainab yana motsi, ba na jin komai. Muka tono Usman da hannu. Ya riga ya cika. A tsakar gidansa muka binne shi, don ba hanyar maƙabarta.

Washegari da hantsi muka fita. Na goya Inna. Zainab ta ɗauki ƙullin tufafi da jarkar ruwa. Littattafan da na cika da maganar Inna da tawa duka na zuba a buhun shinkafa na rataya a wuya. Muka sami wata tsohuwar bas mai zuwa kudu. Niyyarmu Kosti, daga can mu wuce garin Mai Wurno wurin dangin Inna. Motar cike take maƙil da mutane. Ko yaran ciki ba sa kuka.

Rana ta take tsaka muka iso shinge. Tayoyi ne da ganga a tsakiyar titi, da samari masu bindiga, wasu ko gemu ba su yi ba.

"Maza duk ku sauka!"

Muka jeru a rana. Ɗaya ya zazzage buhuna a ƙasa. Ya buɗe littafi, ya duba, ya juya shi. Ya san haruffan, bai gane kalma ko ɗaya ba. Fuskarsa ta canza. Ya kira babbansu ya ce ga mai kai rahoto.

"Durƙusa!"

Na durƙusa. Kwalta ta ƙona mini gwiwa. Na ji bakin bindiga a bayan kunnena, da zafinsa. Babban ya buɗe littafin ƙarshe ya danna mini a fuska.

"Karanta!"

Tagar bas tana saman kaina. Zainab na zaune a wurin. Na ga shafin, na so a ce wani shafin ne ba wannan ba. Na karanta da Hausa: "Yau ma na shiga banɗaki na toshe bakina da rawani na yi kuka. Tsoro nake ji. Idan suka shigo ban san ko zan iya tsayawa a gaban Zainab ba. Ina jin ƙafafuna za su gudu su bar ni."

"Da Larabci!"

Na fassara, kalma bayan kalma. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya maimaita wa na nesa. Wanda ke bayana ya buge ni da gindin bindiga a kafaɗa, ya ce in tashi in koma wurin mata. Na miƙa hannu zan tattara littattafan. Ya taka yatsuna da takalminsa. Akwai wuta a gefe da suke dafa shayi. Da ƙafa ya tura su ciki, ɗaya bayan ɗaya. Direba ya tayar da mota.

Na koma cikin bas na zauna, ban iya ɗaga kai ba. Shekara da shekaru muna tare, Zainab ba ta taɓa ganin hawayena ba. Mun yi nisa kafin ta yage bakin mayafinta ta ɗaure mini yatsun. Ta yi ƙasa da murya.

"Malam, ina jin ka ta bayan ƙofa. Ni ma idan ka fito nake shiga."

Daga ranar ban ƙara ce mata komai zai wuce ba. Abin da nake ji nake faɗa mata, ita ma haka.

A Kosti aka sauke mu a wata makarantar firamare cike da mutanen Khartum. Na tsinci littafin wani ɗalibi a ƙarƙashin benci, rabinsa ba rubutu. Da shi na ci gaba. Amma Inna ta daina magana tun daga shingen. Kowace safiya ina zama kusa da ita da biro a hannu, tana kallon allo. Sai gudawa ta kama ta. A garin babu maganin da hannunmu zai kai. Ranar Juma'a, ana kiran sallar farko, ta cika a kan tabarmar aro.

Mutanen da ba su san sunanta ba ne suka taya ni ɗaukarta. Ba abin da za a kafa a kan kabarin. Da na dawo na rubuta wurin yadda zan gane shi: gabas da tankin ruwa, kusa da wata bishiyar ƙaya mai reshe biyu, jere na ƙarshe ta wajen titin jirgin ƙasa.

Mu uku muka fito daga Omdurman. A motar Mai Wurno, kujera biyu na ce a ba mu.