Rigar Kitsen Tarin Fuka

Duk lokacin da aka hure kyandir, warin nan yakan mayar da ni gidanmu na Fagge, shekarar da tarin fuka ya kama babana. Dako yake yi a tashar jirgi, ni kuwa yarinya ce mai tambaya har a gaji da ni.

Kakata man gyaɗa take sayarwa. Cikin masu saye akwai matar wani Inyamuri a Sabon Gari, mijinta shi ke duba majinar marasa lafiya a asibiti. Kaka ta matsa sai ta ga abin da ke cin ɗanta, ta ja ni muka tafi. Ya ɗaga ni na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu, na ga 'yan sanduna jajaye a kan shuɗi. Ya ce rini ya zuba musu, ya wanke da ruwa mai cin fata. Sauran ƙwayoyin cuta sukan saki launin, waɗannan sun ƙi, domin rigarsu kitse ce mai kauri irin na kyandir. Shi ya sa magani ke daɗewa kafin ya ratsa su.

Ni ina tunanin wa ya ɗinka musu rigar, Kaka kuwa ta ji abin da take so.

"Maiƙo ne ashe? Ai aikina ne!"

Ta hana Baba zuwa allura, ta sa shi sirace da ruwan toka safe da yamma, yadda take wanke tukwanenta. Tarin ya ƙaru, har jini ya fito. Ranar na ji tsoro sosai.

Mutumin ya zo har gida a kan kekensa, ya durƙusa.

"Mama, zafin da zai narka rigar nan, ɗanki zai riga ta narkewa."

Kaka ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Washegari dai ita ta raka Baba asibiti, tana ta yi masa faɗan lattin da ya yi. Ya warke bayan doguwar jinya, amma bai ƙara ɗaukar kaya ba.

Yanzu ƙwayoyin magani ake sha, wata da watanni. Jikana na fama da ciwon, kuma da tarin ya lafa ya ce ya warke. Kullum da safe nake kai masa maganin da kaina, ba na fita sai ya buɗe baki na gani.