Mai Duban Wata a Kan Wata

"Ka cire tsohon nan, Yaya! Wallahi shi zai kashe mana fim!"

"Kai zan fara cirewa," in ji Labaran.

Badi'a ta tsayar da keken ɗinkinta. Katangar da ta raba gidanta da na Labaran a Zawaciki ba ta ɓoye ko tari. Mai ɗaga muryar Ya'u ne, ƙanen Labaran, wanda ke riƙe wayar da suke ɗaukar fim.

Shekara goma sha tara Labaran yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, shi ke kula da gangar da ake juya fatu. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Amma duk Lahadi sai ya tara abokan aikinsa a fegin bayan kamfani, inda farar ƙasa ta bushe ta tsattsage, ya ce nan ne duniyar wata. Fim ɗin labarin Kanawa ne da suka ƙaura can bayan shekara ɗari uku. Badi'a ce ta ɗinka musu rigunan 'yan sama jannati da ragowar fata, aka fesa wa tsofaffin hulunan kwano farin fenti.

Gobe Litinin zai kai kashi uku wajen Hajiya Fanna, mai tashar talabijin a Bompai. Ta riga ta aiko cewa tana son faɗan mutum-mutumi, amma tsohon da ke cikin fim ɗin ya cika zama.

A cikin labarin azumi ne ya ƙarato, mutane suka rasa watan da za su duba, tunda a kansa suke tsaye. Sai wani tsoho ya hau dutse ya zuba wa duniya ido. Ya ce ran da ta cika ta yi fes, to a Kano wata ya ɓuya, jinjirinsa na tafe. Kowa ya yarda, ba wanda ya nemi shaida.

"Minti goma sha ɗaya ba mai musu!" in ji Ya'u ta bayan katanga. "Kanawa ne fa, Yaya! Ko kifi aka soya sai an yi gardama."

Badi'a ta yi murmushi, don garinsu ɗaya da su Labaran a Jigawa. Ta tuna shekarar da mahaifin su Labaran, Malam Habibu, ya ce ya ga jinjirin wata, aka yi ta dariya saboda idonsa ya fara hazo. Washegari labari ya zo cewa an gani a wasu garuruwa, amma sunan "Ga-shi-can" ya bi shi har kabari. Kuma ta lura rigar tsohon ce kaɗai Labaran ya ce a yi wa aljihun carbi a hagu, irin na Malam. Ba ta taɓa ce masa komai ba.

Litinin bayan la'asar Labaran ya yi sallama a ƙofarta, rigunan a kafaɗa, warin jima na biye da shi, fuskarsa a sake.

"Baban Umar, yaya aka yi? Ta cire shi?"

"Ta bar shi. Sau biyu ma ta sa aka maimaita mata wurin. Za ta ɗauki kashi shida. Amma ta ce dole mutum ɗaya ya ƙaryata shi a bainar jama'a, daga baya ya ji kunya."

"To ai Ya'u ya samu aiki, bakinsa ba ya gajiya."

Labaran ya miƙa mata rigunan, ya tsaya yana shafa aljihun carbin da babban yatsa.

"A'a, Yaya Badi'a. Ɗinka wata riga daidai ni, ni zan fito. Ai ran nan a ƙofar dagaci, ni na fara yi wa Malam dariya."