Kwana ashirin da ɗaya da na ƙirga wa yayana

Duk tsawon raina ba zan manta da ranar da na kawo wa yayana kilishi a unguwar Gataa El Oued ta Tamanrasset ba. Shekaru sun tafi, amma ko ƙamshin kilishi na ji sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Mu biyu muka baro Damagaram muka zo Tamanrasset aikin gini. Ni ne mai baki da rawar kai, shi kuwa mai sanyi ne, shi ke jan mu salla a tsakar gidan da muke haya. Karatunsa har maƙwabta Buzaye kan tsaya su saurara. Wata rana katako ya karye da shi a wani gini, ya faɗo da fuska, haƙoran gaba uku suka zube. Daga nan ya daina shiga gaba. Ya ce iska na fita ta giɓin, haruffa ba sa zama daidai, ba zai ja mutane da karatu mai yoyo ba.

Mai ginin mutumin kirki ne, yana da ɗan'uwa likitan haƙori da ya zo daga arewacin ƙasar zai yi 'yan watanni. Likitan ya duba ya ce ana iya dasa haƙora a kan ƙusar ƙarfe, amma ƙashin da zai riƙe ƙusar ya farfashe. Sai an yanko ɗan ƙashi daga haɓar yayan an liƙa a wurin, a ɗinke, a jira ya haɗe. Da ya ji mu magina ne sai ya yi dariya ya ce, "To kun gane ke nan, harsashin gini muke zubawa." Bayan ya yi aikin, ya ja kunne: wata biyar, ba abu mai tauri, ba tabar da yayan ke gumtsa da kanwa.

Kalmar harsashin nan ita ta kai ni ta baro. A aikinmu, in mun zuba dal, wato rufin kankare, kwana ashirin da ɗaya muke ba ta mu cire katakan tallafi, har mu hau mu yi tsalle. Na riƙa kallon yayana yana shan kunu da farau-farau, ya rame, wuya ya yi tsawo. Ran da kwana ashirin da ɗaya suka cika, wani direba ya zo da kilishi daga Agadas, na saya na ajiye masa a gaba.

"Yaya, ci. Siminti ma yau ake sakinsa."

"Lokotoro ya ce wata biyar."

"Lokotoro ya taɓa zuba dal? Tsoro ne irin na 'yan lekkol, 'yan boko. Buɗe in gani."

Ya buɗe, na danna dasashin da yatsa kamar mai gwada bango, na ce ya kama. Har yau ina jin kunyar yatsan nan. Ya yarda da ni domin a gini ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ci, kuma tunda na ce ya warke, washegari ya koma wa tabarsa.

Cikin mako leɓensa ya kumbura, wurin ya buɗe yana ruwa. Likitan ya ciro ɗan ƙashin da hantsaki ya ajiye a faranti, ya yi baƙi, bai fi ƙwallon dabino ba. Ya tambayi abin da ya faru. Yayana ya ce, "Ni na yi gaggawa." Ina tsaye a bayansa, na bar shi ya ɗauki laifina. Likitan ya ce sai wurin ya huce a sake yanko wani ƙashin daga ƙugu, amma kafin nan kwanakinsa suka ƙare ya koma arewa, ba mu sake samun mai wannan aikin ba.

Yayana bai ƙara jan salla ba, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Abin da na koya shi ne, sanin aikina bai ba ni izinin sa baki a aikin wani ba, balle a jikin ɗan'uwana. Yanzu yana gida Damagaram, kullum da rawani ya rufe baki. Mutane na tsokanarsa wai zaman Tamanrasset ya mai da shi Buzu, shi kuma ya yi musu murmushi ta ƙarƙashin rawanin. Ni kaɗai ne ba na dariya.