Taku Arba'in a Kasuwar Potiskum

Maza uku suka bar uwata cikin rana tun hantsi har azahar, don kawai sun ƙi jin maganar mace. Ban huce ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mun tashi da asuba daga Danchuwa, ni da ƙanena da Inna, za a duba mata ido a asibiti. Kuɗin mota sule guda, akuya ma sule guda, kuma ita ta fi mu samun wurin zama. Likita ya ce yana ce ta rufe idon, mu dawo bayan kaka.

Muka biya kasuwa, ranar cinta ce. Na tsaya sayen kanwa wurin wata Babarbariya, na damƙa wa ƙanena hannun Inna. Ya sake ta don ya taya takalmi. Muka waiga, babu ita.

Ƙanena ya kirawo surukansa biyu daga unguwar Hausari, suka yanke cewa a nufi tasha da kara, kasuwar shanu.

"Yaya, Inna fa akwai ƙafa, yanzu ta yi nisa."

Na ce, "A gona take da ƙafa. Mu masu ido, rumfa nawa muka wuce tun ɗazu?"

Ɗaya surukin ya ce karatun yaƙi da jahilci ya motsa. Suka tafi.

Na hau turmin wani mai sayarwa, na kafa wa wani mai jar hula ido. Ya yi gaba, jaki ya tare shi. Ya ratse, ya faɗa lungu, buhuna sun toshe, ya fito ta inda ya shiga. Na gaji da tsayuwa, yana nan gabana. Wanda ya bi bayan mota ne kaɗai ke ɓullewa.

Sai na bi lungunan da ke kewaye da mai kanwa, ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai. Na sami Inna tsakanin buhunan gero da zana, leɓe ya bushe, ƙafa ta kumbura.

"'Yar nan, na yi tafiyar da ta isa kai ni gida."

Gaskiyarta. Na ƙirga daga nan zuwa wurin mai kanwa: taku arba'in.

A mota muna komawa na yi ta juya abin. Cikin cunkoso, daɗewa ba ta nuna nisa. Wanda ya ɓace, a fara duba kusa, inda hanya ta toshe.

Washegari da safe na shiga gidan ƙanena, na naɗe tabarmar Inna, na ɗauki butarta, na kama hannunta zuwa ɗakina. Ban yi shawara da kowa ba.