Daren Manomi da Daren Makiyayi

A gidanmu na Falanko, in ɗari ya shigo aka gama ɗaure damman gero, kakarmu Hajjo takan hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan sallar isha, ta tura gyaɗa cikin toka. Mu jikokinta mu kewaye ta, kowa ya ja riga ya rufe gwiwa. Allah ya jiƙanta, tana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin wata tsohuwa ba: ba ta ba da tatsuniya sau ɗaya.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta manomi da makiyayi. Daren farko ta ce ga ta nan tafe, mu matso mu tare ta. Wani manomi ne ya sha rana damina guda, geronsa ya nuna, saura yanka. Da asuba ya tarar da shanu cikin gonar, sun ci sun tattake. 'Ya'yansa suka shiga rani rumbu wayam. Har hawaye na yi. Na ce in na girma sai na karya sandar makiyayin nan.

Ta yi dariya ta ce, "Kai angona, ko gyaɗa ba ka iya ɓarewa ba, sanda za ka karya? Je ka kwanta. Labari bai ƙare ba, kishingiɗa ya yi."

Kashegari ta sake ɗauko shi, amma daga bakin makiyayi. Burtalin da ubansa da kakansa suke bi zuwa rijiya, ya dawo daga arewa ya tarar an shuke shi gero. Shanu sun ji ƙanshin ruwa, maruƙa na faɗuwa don ƙishi, shi kuma mutum ɗaya ne da sanda ɗaya. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin Hajjo da ta sa na yi.

Na ce, "To Hajjo, wa ke da gaskiya?"

Ta ce, "Ni na sani? Ka tambaye ni wa ya ƙoshi." Sai ta ƙara mana da mutum na uku, wanda ya sayi ramammun shanun da araha, ya kuma sayar wa manomin da hatsi da tsada, bai yi faɗa da kowa ba.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Allo na yi, na iya ajami, sauran kuwa tsinta na yi: a rediyo, a bakin dattawan kasuwar Tanut, a hirar Buzaye masu kawo gishiri su koma da gero. Amma duk tarihin da aka ba ni, na yaƙi ko na yunwa ko na tsadar hatsi, sai in ji muryar Hajjo tana tambaya ko na ji dare na biyu.

Shekarun baya abin ya zo ƙofata. Shanun wani Bafillatani daga wajen Tarka suka cinye mini gefen gona. 'Ya'yana suka kama shi, babbansu Ilu ya ɗauko gora, maƙwabta na taruwa. Na san in sanda ta sauka sau ɗaya, jini zai zuba, kuma ba a gonata zai tsaya ba.

Ilu ya ce, "Baba, me za ka ji kuma? Ga ɓarna kana gani."

Na ce, "Namu na gani. Ajiye gorar."

Na sa aka kawo wa mutumin fura. Ya sha, sannan ya faɗi nasa: tafki ya ƙafe, hanyar rijiya kuma an kewaye ta da ƙaya. Muka shirya a gaban mai gari, bayan girbi ya kwantar da shanunsa a gonata har taki ya wadata. Yau shi ke kawo mana nono.

Hajjo ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na allo ko na boko. Na daɗe ina ɗaukar abin nata wasa ne da yara. Sai ranar da Ilu ya sauke gorar nan na gane cewa tsohuwar ta hana ni barci da rabin labari tun ina ƙarami, don kada wata rana ɗana ya kashe mutum da shi.