Ranar da Kawu Namadi Ya Yi wa Ordinatar Shaida

Ku da kuka ji a kasuwar Urafane wai Bilal ɗan Kawu Namadi ya auro budurwa daga Maradi, ta some kwana uku da tarewa, ya maida ta aka musanya mashi da bazawara, ya ɗauko ta cikin kwali a bayan moto, to ku kwantar da hankalinku. Ƙarya ce. Na san ƙarya ce don ni na ƙaga ta a teburin mai shayi, kuma wallahi ban zaci za ta kai Korgom kafin la'asar ba. Har wata tsohuwa ta aiko tana tambaya ko an huda wa amaryar kwalin don ta sha iska. Bilal bai yi aure ba, wa zai ba shi? Ordinatar ce, wato kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Sai dai gaskiyar abin da ya faru ta fi ƙaryata tada hankali.

Bilal taubashina ne, ɗan yayan uwata, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, duniya da lahira. Rana ɗaya aka kai mu lakwal, makarantar boko. Ni a aji huɗu mushe, malaminmu, ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce a gaida mutanen gida. Shi kuwa ya wuce kolej a Tasawa, ya samo takardar birbe ta gama kolej, ya ƙara shekara biyu wurin wani mai buga takardu yana koyon taɓa injin. Ya dawo mana yana buga rubutu da yatsu goma ba ya ko kallon hannunsa, kamar mai tsince ƙaya a duhu.

Ciwonsa ɗaya ne tun yana yaro: ba ya taɓa abin da wani ya riga shi amfani da shi. Ga mu duk mun girma cikin bosho, kayan gwanjo, shi ko hula ce sai ya shinshina ya ji ko kan wani ya shiga. Motonsa shekara huɗu ke nan, ledar da ta zo kan sirdin tana nan, in ta yage ya liƙe. Na rantse in da ana saida sabuwar iska, da Bilal ba zai shaƙi wadda muka fitar ba.

Mahaifinsa kuma, Kawu Namadi, makiyayi ne tun kakannin da suka gangaro daga arewa. Ba ya karatu, amma ya san kowace saniya tasa da uwarta da kakarta. Duk abin da ya shiga garkensa sai ya sha ƙarfen wuta a cinya: zane uku kamar sawun zabuwa, da ɗigo a ƙasa. Shaidar gidansu ke nan. Da ita ya taɓa gano raƙuminsa a kasuwar Mayahi bayan shekara biyu da ɓata.

Bana da bazara Bilal ya durƙusa gaban tsohon ya ce yana son ordinatar. Mai fotokofi na bakin kasuwa ya yarda ya ba shi gefen rumfa da wutar pano mai aiki da hasken rana, ya riƙa buga wa mutane takardun neman aiki da dosiyen da ake kaiwa meri, ofishin magajin gari, su daina tafiya har Tasawa. Kawu ya yi kwana biyu yana juya maganar. Ran na uku ya kama Goje, jan bajimin da yake ji da shi kamar ɗa, ya kai kasuwa da kansa. Da ya dawo ya ce:

"Ga shi nan, na saida. Amma ka ji sharaɗina. Ran da aka yi ruwan shuka, bisashe za su bar gonakin mutane su yi arewa. In abin nan naka shina aiki, zamna. In ba ya aiki, ɗauki sandarka ka bi shanu, kuma kar in ƙara jin zancen takarda."

Bilal bai ƙi shanu ba, amma ya san in ya bi su wata huɗu, mai fotokofi zai ba wani rumfar. Ya tafi Maradi, shagon wani Alhaji Maikuɗi, ya sayo ta sabuwa fil, baƙa, tana sheƙi, har da takardar garanti ta shekara guda. Da ya buɗe ta a tsakar gida, kowa ya taru. Ni na kai yatsa zan taɓa, ya make mani hannu kamar na kai wa tuwon surukai.

Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya ce a rufe ta a kifa. Bilal ya ɗauka so yake ya ga bayanta. Sai muka ga tsoho ya nufi murhun Inna Maimuna, matarsa, ya zaro ƙaramin ƙarfen da yake yi wa ƴan awaki shaida. Ashe tun da safe ya cusa shi cikin garwashi.

"Baba, mi za ka yi?"

"Wagga ba ita ce madadin Goje ba? Abin da ya maye gurbin sa, garke ya shiga. In an sace ta, da mi za ka shaida ta?"

"Baba, tana da lamba a ƙasa! Lamba gare ta!"

"Lambar wa? Ta gidanmu?"

Jama'a, kafin Bilal ya sake magana, Kawu ya kai hannu. Ƙarfe ya sauka a gadon bayanta, ya ce cuuu, hayaƙi ya tashi, warin ƙonanniyar roba ya kori kaji har bayan danga. Zane uku da ɗigo. Inna Maimuna ta dafe ƙirji tana salati. Bilal ya buɗe baki, ƙuda ya shiga ya yi zagaye ya fito bai rufe ba. Ɗa ba ya riƙe hannun uba, balle uban da ya saida bajiminsa dominsa. Ni kuwa na faɗi ƙasa, na kasa gane dariya nake ko kuka.

Abin mamaki, aka kunna ta tashi lafiya lau. Kwana biyu tana aiki. Ran na uku, ranar kasuwa, Bilal ya shimfiɗa teburinsa, mutum huɗu sun yi layi, yana cikin buga sunan na farko sai fuskar ta yi zane-zane kamar zanen saƙi, ta yi kore, ta yi baƙi. Shi ke nan. Ya danna nan, ya danna can, ya hura mata iska, ya yi mata addu'ar da bai taɓa yi wa kakarmu ba da tana jinya. Ko motsi.

Washegari ya ce in raka shi Maradi, ba don yana ƙaunata ba, don in rungume kwalin a bayan moto. Yashi har gwiwa kafin mu hau kwalta, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas kowace yamma. Duk inda muka tsaya sai ya ɗaga kai ya dubi sama.

Alhaji Maikuɗi ya karɓe mu da fara'a. Ya ce garanti garanti ne, in laifin kamfani ne yanzu za a ba shi sabuwa. Ya zaro ta daga kwali, ya juya bayanta. Carbin hannunsa ya faɗi.

"Inna lillahi! Gobara kuka yi?"

"A'a, Alhaji," in ji Bilal, murya kamar ta sauro. "Shaida ce."

"Shaidar mi?"

Na ce, "Ta garke, ranka ya daɗe. Saura allurar rigakafi, ita ma da an bar mu da mun yi."

Alhaji ya kira duk maƙwabtan shagonsa su zo su gani. Masu saida waya, masu gyaran rediyo, har mai goro. Wani ya ɗauki hoto. Alhaji ya ce shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, ya ga wadda aka zuba wa shayi, ya ga wadda jaki ya taka, bai taɓa ganin wadda aka yi wa lalas ba.

Mai gyaransa ya kwance ta ya duba. Ya ce tsakani da Allah wutar ba ta ratsa ciki ba, ciwon daga kamfani ta zo da shi. Bilal ya fara murmushi. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Tsaya, samari. Da ka kawo ta yadda na ba ka, da na miƙa maka sabuwa daga kan kanta, in maida wagga inda na saro. To wa zai amshi mai sawun zabuwa a gadon baya? Abu biyu ne. Ko in aika ta can su duba, su yanke hukunci, wata uku ko fiye. Ko kuwa ka ɗauki irinta cikin waɗanda suke ce ma rekondisiyone."

"Mi ke nan?" na tambaya, ko da yake na ga fuskar Bilal ta riga ta ba ni amsa.

"Wadda wani ya saya ta ba shi matsala, ya maido, kamfani ya gyara ta, ya gwada, ya sake fiddo ta. Garantinta na nan daram."

Wato wadda wani ya riga ya taɓa! Bilal! Mutumin da ko cokali ba ya ara! Aka ɗauko ta cikin farin kwali marar zane, aka buɗe. Iri ɗaya ce sak, sai ɗan ƙarzane a kusurwa wanda sai ka karkata ta ga haske za ka gani. Shi kuwa nan take ya gano shi, kamar an haska mashi da tocila. Ya shinshina ta. Wallahi ya shinshina ta, gaban mutane.

"Ni sabuwa na saya," ya ce. "Zan jira wata ukun."

Bai rufe baki ba aka yi tsawa a kan Maradi, wadda ta sa ƴan kabu-kabu suka fara neman rumfa. Na ce mashi, "Jira abinka, ɗan kawu. Wata uku kana can arewa kana buga dosiye a bayan saniya." Ya dubi sama, ya dubi kwalin, ya dubi ni kamar ya shaƙe ni. Ya sa hannu a takarda.

Ruwan shuka ya sauka muna hanya. Mun iso da hantsi washegari, mun tarar kowa na gona, Kawu kuma ya riga ya ɗaure kaya a kan jakuna, ga sandar Bilal an jingine a bakin ƙofa. Bilal bai ɓoye komai ba. Ya durƙusa ya ce waccan ta mutu, wannan kuma ba sabuwa ba ce, ta taɓa lalacewa a hannun wani aka gyara. Ni na ja baya, don na ɗauka yau za a yi ta: bajimi sukutum a kan abin da wani ya ƙi.

Kawu ya ce a kunna. Ta tashi. Ya ce a rubuta sunan Goje. Aka rubuta, ya ƙura wa baƙaƙen ido kamar ya san su.

"Ka ce ta yi ciwo ta tashi?"

"I, Baba."

"To ai ta fi waccan. Saniyar da ta sha ciwon huhu ta miƙe, ita ake riƙewa. Karsanar da ba ta taɓa ko tari ba, ba ka san ranar da za ta kashe ka da mamaki ba. Wa ya koya maka kiwo, kai?"

Ya sa ƙafa ya ture sandar gefe. Bilal ya sauke numfashin da ya riƙe tun Maradi. Sai tsoho ya juya ya ce, "Maimuna, akwai wuta a murhu?"

Na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Bilal ya rungume ordinatar a ƙirji, idanu waje. Allah ya yi wa Inna Maimuna albarka. Ta shiga ɗaki ta fito da jakar fata da ta ɗinka lokacin da muke Maradi, daidai girman abin, har da tuntaye. Ta ce, "Malam, shaida a fata ake yin ta. Ka taɓa ganin an yi wa saniya a ƙashi? Ga fatarta nan." Kawu ya juya jakar, ya ce maganar mace wani lokaci tana da kai. Ya ɗora ƙarfe a kan jaka, zane uku da ɗigo. Da azahar ya bi shanunsa shi da ƙannen Bilal.

Yanzu in kun je kasuwar Urafane, ku dubi gefen mai fotokofi. Za ku ga mutum da jaka mai sawun zabuwa, layi a gabansa har bakin masu tattasai. Wata biyar ke nan ko atishawa ba ta yi ba. Ledar sirdin moto dai tana nan, wannan sai ranar da aka binne shi da ita.

Ran kasuwar da ta wuce na je na zauna kan bencinsa, na ɗaga murya yadda layin zai ji, na ce, "Ango, ina kwanan bazawara? Ba ta kiran sunan tsohon mijinta cikin barci?"

Bai ko ɗago kai daga bugun da yake ba. Ya ce, "Ita da aka maida ta, an samu abin gyarawa a cikin kanta. Kai da mushe ya maido tun aji huɗu, shekara ashirin ke nan, ko mai kwance ka ya duba ba a samu ba. Tashi ka ba mutane wuri."